Goro Ma Iri Ne: Darasin Tsiro Daga Kasuwannin Adjamé da Treichville

Abincin Abijan ta Adjamé yake shiga gari. Tun kafin a kira assalatu motoci ke sauke kaya a kewayen kasuwar Gouro da ta Forum: doya da ayaba daga kurmi, tumatir da barkono daga lambuna, albasa daga Nijar, sai masara da gero da wake buhu kan buhu. Idan ka ƙetare ruwa ta gadar Houphouët-Boigny, wadda aka buɗe a 1957, za ka faɗa Treichville, mai babbar kasuwa da tashar jirgin ƙasa, maƙwabciyar tashar jiragen ruwa. A waɗannan unguwanni biyu Bahaushe ba baƙo ba ne. Akwai ɗan Tawa da ɗan Maraɗi, akwai Bakano da Basakkwace, wasu a kan albasa suke, wasu a kan goro, wasu kuma a rumfunan garba suna zuba aceke da soyayyen kifi.

Abin da ba kasafai ake lura da shi ba, yawancin hajar da ke cikin waɗannan buhuna da kwanduna tana da rai. Ƙwayar waken da ake aunawa a tiya tana numfashi, ko da yake a hankali ƙwarai. Goron da ke cikin huhu yana numfashi, shi kuwa da ƙarfinsa. Kowace ƙwaya tana jiran sharuɗɗan da za su sa ta tashi, kuma kowace tana da abin da ke kashe ta. Sanin waɗannan abubuwa biyu shi ke raba riba da asara, ga mai rumfa a Abijan da kuma manomin da ke jiran saƙon iri a ƙauye.

Abin da ke cikin ƙwaya

Ba sai an je ɗakin gwaji ba. Ɗebi wake kaɗan ka jiƙa shi ya kwana, da safe ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka dube ta da kyau. Abu na farko fata ce, wadda yanzu ta yi laushi har tana zamewa tsakanin yatsu. Ita ce kariyar ƙwaya daga ƙwari da ruɓa da saurin shigar ruwa. A gefe guda akwai ido, tabon wurin da ƙwayar ta manne da kwanso lokacin da uwar ke ciyar da ita. Daf da idon akwai wata 'yar kafa da kyar ake ganinta. Ta wannan yanki ruwa ke fara shiga, ta nan kuma saiwa ke fara leƙowa.

Ka cire fatar, ƙwayar za ta rabu gida biyu. Waɗannan ɓari biyu su ne ganyen farko na shukar, sai dai an cika su da sitaci da sinadarin gina jiki har suka yi kauri. A tsakaninsu, a maƙale a gefe, ga ɗan tsiro: ƙarshensa mai tsini shi ne zai zama saiwa, ɗaya ƙarshen kuwa na ɗauke da 'yan ganye biyu ƙanana a naɗe, waɗanda ido zai iya gani. Ke nan kowane iri abu uku ne: ɗan tsiro, da guzurinsa, da suturarsa. Daga ranar da ya farka har ganyensa ya yi kore ya fara haɗa abinci da hasken rana, da wannan guzuri yake rayuwa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shi ya sa ƙwayar da ta motse, ko wadda ƙwaro ya cinye cikinta, ko da ta tsira takan fito a raunane.

Gyaɗa, kuɓewa, kabewa, koko da goro duk masu ɓari biyu ne. Masara da gero da dawa da shinkafa kuwa wani gida ne daban. Idan ka tsaga jiƙaƙƙiyar masara a tsaye, za ka ga mafi yawan cikinta gari ne, ɗan tsiron kuma na kwance a gefe ɗaya kusa da tsinin ƙwayar. Ɓarinsa ɗaya ne tak, mai faɗi, wanda ke manne da garin yana tsotsowa yana miƙa wa tsiro. Da ruwa ya shiga, ɗan tsiron zai aika da saƙon sinadari zuwa wani siririn rufi da ke ƙarƙashin dusa, shi kuma ya saki abin da ke narkar da sitaci ya mai da shi sukari. Matan da ke dama kunun zaƙi da tsiro sun daɗe da sanin wannan aiki a hannu: hatsin da aka jiƙa aka rufe har ya yi tsiro, in aka niƙa aka zuba a kunu, yana tsinka shi ya kuma ƙara masa zaƙi ba tare da an sa sukari ba.

Hatta yadda suke fitowa daga ƙasa ya bambanta. Wake yakan lanƙwaso wuyansa ya fasa ƙasa, sannan ya jawo ɓarinsa biyu zuwa sarari. Masara kuwa tana barin ƙwayarta a ƙasa, ta turo wani farin tsinke mai kaifi wanda ganye ke naɗe a cikinsa. Wannan ne dalilin da ya sa idan ruwa ya daki ƙasa ta yi ɓawo, wake ya fi masara shan wahalar fitowa.

Goro, irin da aka tuɓe wa riga

Kwaddibuwa na daga cikin manyan ƙasashen da ke noman goro da fitar da shi a duniya, kuma cibiyar cinikinsa ita ce Anyama, garin da ke arewa da Abijan a kan hanyar jirgin ƙasa. Daga rumbunan Anyama ake lodin goro zuwa Mali da Burkina da Nijar da Senegal da Najeriya, daga can kuma masu sari ke kawo shi teburan Adjamé da Treichville. Wannan fatauci tsoho ne a wurin Hausawa. Tun ƙarni na 18 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, su yi watanni a hanya da jakuna, su kai kanwa da tufafi da fatu, su sayo goro a Salaga. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi sukutum a kan wannan fatauci a 1980. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da goro ya kafa arzikinsa kafin ya shiga gyaɗa.

Yaya aka yi ɗanyen abu ya jure tafiyar wata biyu ko uku a bayan jaki, cikin zafin rani? Amsar tana cikin halittar goron. A bishiya, goro na fitowa ne cikin kwanso mai kauri, kowane kwanso da ƙwayoyi da dama, kowace ƙwaya a lulluɓe da farar fata mai laushi. Manoma na jiƙa su a ruwa ko su tara su wuri guda har fatar ta ruɓe, sannan a wanke. Abin da ya rage, wanda muke ci, shi ne irin tsirara: ɓari biyu manya da ɗan tsiro a tsakaninsu. Idan ka ɓare goro ka duba gindinsa, inda tsagar ta haɗu, za ka ga wani ɗan ƙullutu. Shi ne hancin goro, shi ne kuma bishiyar gobe. Goron da muka saba ci, fari ko ja, ɓari biyu gare shi. Ɗan'uwansa da Yarbawa ke girmamawa a bukukuwansu yakan yi ɓari uku zuwa shida.

Tunda an cire masa riga, goro ba shi da abin da zai tsare masa ruwan jikinsa sai abin da ɗan kasuwa ya yi masa. Nan gwanintar 'yan goro take. Sukan shimfiɗa faffaɗan ganyen kurmi a cikin kwando, irin wanda ake ƙunsa aceke da shi a Abijan, wanda fatake ke kira fita. A zuba goro, a rufe da ganye, a ɗaure da buhu. Lokaci zuwa lokaci a kwance huhu, a baje goron, a tsince wanda sankara ta taɓa da wanda ya fara ruɓa, a canja ganye, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, a mayar a inuwa. In ruwa ya yi kaɗan, goro ya yanƙwane ya yi tauri, ya mutu. In ya yi yawa ga zafi, ko ya ruɓe ko hancinsa ya fashe ya fara fid da saiwa, daraja ta faɗi. Aikin mai goro shi ne ya riƙe iri a raye ba tare da ya bar shi ya tsira ba. Da haka goron nata ke zama daushe, marsa ta kai wata da watanni tana ƙara tsada. Fatake sun ƙware a wannan tun kafin a rubuta shi a littafin kimiyya.

Manomin goro kuwa akasin haka yake nema, kuma goro ba ya yi masa sauri. Sabon goron da aka shuka yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya fito, kuma ba tare yake fitowa ba, wani yau, wani sai bayan makonni. Bincike a cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya da ke Ibadan, wadda goro na cikin amfanin da aka ɗora mata, ya nuna cewa goron da aka ajiye na wasu watanni ya fi sabo saurin tsira, haka ma wanda aka ɗan buɗa ɓarinsa ba tare da an ji wa hancin rauni ba. Ana kwantar da shi a gefensa cikin ƙasa mai laima a ƙarƙashin inuwa, a rene shi a leda, sannan a dasa. Daga nan sai haƙuri, domin bishiyar da aka tayar daga ƙwaya takan yi shekara biyar zuwa bakwai kafin ta fara 'ya'ya.

Ruwa, iska da ɗumi

Sharuɗɗan tsiro uku ne da babu makawa, na huɗu kuma ga wasu iri kawai.

Na farko ruwa. Busasshen iri a kwance yake, komai na jikinsa ya tsaya cik. Da ya sha ruwa sai ya kumbura, fata ta tsage, sinadarai su farka. Masara na bukatar ta sha ruwan da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinta, waken suya kuwa kusan rabin nauyinsa. Galibi saiwa ce ke fara fitowa, domin ta kama ƙasa ta nemo ruwa kafin ganye ya fara kashe shi. Haɗarin yana nan: irin da ya fara wannan tafiya ba ya komawa baya. In saiwa ta leƙo sannan ƙasa ta bushe, ya mutu. Manoman gero a Damagaram da Katsina da ke yin binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwan fari, sun san wannan ciwo. Idan ruwan farko ya sauka da ƙarfi, sun riga kowa. Idan yayyafi ne kawai ya biyo da kwana goma na rana, iri ya tafi, sai a sake shuka.

Na biyu iska. Ɗan tsiro na ƙona guzurinsa ne da iskar oksijin kafin ya samu ƙarfin girma, kuma wannan iska tana zaune a ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya kwanta ya cike kafofin, iri zai shaƙe ya ruɓe. A Abijan, inda ruwan sama ke zuba kamar da bakin ƙwarya a watannin Mayu da Yuni, masu lambu na ɗaga kunyoyinsu sama domin ruwa ya tsiyaye. Shinkafa ce ta fita daban, domin tana iya turo tsinkenta daga ƙarƙashin ruwa har ya kai sarari. Zurfin shuka ma da wannan yake da alaƙa. Ƙa'idar da malaman gona ke bayarwa ita ce a binne iri zurfin da bai wuce kaurinsa sau biyu zuwa uku ba. Ƙwayar alayyafo da aka tura zurfin masara guzurinta zai ƙare kafin ta ga rana.

Na uku ɗumi. Kowane iri da zafin da ya fi so. Gero da dawa da kuɓewa 'yan zafi ne, gero ya fi saurin tsira a wajen digiri 30 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos. Amma ko shi yana da iyaka, domin rairayin Sahel da tsakar rana yakan wuce digiri 50, ya ƙone tsiron da ya leƙo. Alkama da albasa da karas sun fi son sanyi-sanyi, shi ya sa ake jiran hunturu a Kadawa da Galmi. Latas kuwa, wanda masu lambun kewayen Abijan ke kawowa kasuwa kowace safiya, yana da wata ɗabi'a: da zafin ƙasa ya haura digiri 30, sai irinsa ya ƙi tashi ko da an ba shi ruwa. Maganin abin shi ne a yafa shi da yamma, a jiƙa ƙasa ta huce, a yi masa rumfar ganyen kwakwa.

Na huɗu haske. Yawancin hatsi ba ruwansu da shi, a duhu suke tsira. Amma ƙananan iri kamar latas da taba da ciyayi da yawa sai sun ji haske. A 1952 masu bincike a Beltsville ta ƙasar Amurka suka nuna cewa jan haske na tayar da irin latas, wani haske da ke gaba da ja kuma na mayar da shi barci. Wannan ne ya sa ake barbaɗa wa latas ƙasa sama-sama kawai, shi ne kuma dalilin da ya sa gona ke cika da ciyawa bayan an yi huɗa: garma ta tono irin da ya shekara a duhu ta nuna masa rana.

Irin da ke barci

Wani lokaci ruwa ya samu, iska ta samu, ɗumi ya samu, iri kuma da ransa, amma ya ƙi fitowa. Wannan shi ne barcin iri, kuma hikima ce ta Ubangiji domin kada zuriyar shuka ta ƙare a ruwa guda na yaudara. Kalwar ɗorawa, da guntsun kuka, da 'ya'yan gawo da bagaruwa da tsamiya suna da ɓawo mai tauri da ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. A daji, sai sun bi ta cikin akuya ko saniya, ko rana da gara sun ci ɓawon, kafin su tashi. Masu renon itatuwa na gajarta wannan jira ta hanyar kankare gefen ƙwayar da wuƙa, nesa da ɗan tsiro, ko su zuba mata ruwan zafi su bar ta ta kwana a ciki. Ko kuɓewa, in aka jiƙa ta dare ɗaya, ta fi fitowa tare.

Mafi wayo a wannan fage shi ne maƙiyin manomi, ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Tushe ɗaya na zubar da dubban ƙwayoyi masu kama da ƙura, waɗanda ke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Guzurinsu kaɗan ne ƙwarai, don haka ba sa tsira sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa, alamar cewa ga wanda za su tsotsa a kusa. An fara gano wannan sinadari a saiwar auduga a 1966. Sanin haka ya ba manomi makami: auduga da waken suya na fitar da sinadarin, ƙudujin dawa ya tsira, ya rasa inda zai kama, ya mutu. Juya shuka tsakanin hatsi da waɗannan amfani na rage shi a gona shekara bayan shekara.

Mai son bushewa da mai tsoronta

A 1973 wani masani a Jami'ar Reading ta Ingila, Eric Roberts, ya kasa iri gida biyu. Akwai waɗanda bushewa ke tsawaita musu rai: gero, dawa, masara, shinkafa, wake, tumatir, albasa. Akwai kuma waɗanda bushewa ke kashewa: goro, koko, mangwaro, ƙwarar kaɗanya. Kwaddibuwa ta tara gidajen biyu a kasuwa ɗaya.

Ɗauki koko, wanda wannan ƙasa ta fi kowace noma shi, kusan kashi 40 cikin 100 na abin da duniya ke samu. Kwanso ɗaya na ɗauke da ƙwaya 30 zuwa 40. Wadda za a shuka, daga kwanso ake ɗaukarta a sa a ledar reno, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta fito. In aka bar ta ta bushe, ta tashi daga iri. Wadda za a sayar kuwa da gangan ake kashe ta: a tara ta a rufe da ganyen ayaba wajen kwana shida, zafi ya kai digiri 45 zuwa 50, tsami ya ratsa ta, ɗan tsiro ya mutu, daga nan ne ƙamshin cakulan ke samo asali. Buhunan da ke shiga jirgi a tashar Abijan da San Pedro babu ƙwaya ɗaya a ciki da za ta tsira. Shi ya sa manoma ke neman kwanson ingantaccen iri daga cibiyar binciken noma ta ƙasa, CNRA, wadda aka kafa a 1998, mai irin kokon nan da ake wa laƙabi da Mercedes saboda saurin fara 'ya'ya.

Sai albasa, alfaharin Galmi da Madawa da sauran Adar. Albasar da ake ci ba iri ba ce. Sai an sake dasa ƙwallonta ta yi fure, sannan a samu baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana, sama da 200 a giram ɗaya. Jar albasar Galmi ta yi suna har manoman arewacin Kwaddibuwa na shuka ta, irinta kuma na bin hanyar da buhunan ke bi. Amma a cikin kayan lambu, irin albasa na daga cikin mafi gajartar kwana. A ajiyar gida ba kasafai yake wuce shekara guda da ƙarfinsa ba.

A nan yanayin Abijan ke shigowa. Laimar iskar birnin takan wuce kashi 80 cikin 100 a yawancin shekara, ga zafi dare da rana. Busasshen iri kuwa yana zuƙar laima daga iska. James Harrington na Jami'ar Kalifoniya ya bar wa masu harkar iri ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk ƙarin kashi ɗaya na laima a jikin iri yana raba kwanansa biyu, haka ma duk ƙarin digiri biyar na zafi. A bisa wannan lissafi, irin da ya baro Galmi da laima kashi 8, in ya zauna a buɗe har ya kai kashi 12, kwanansa ya ragu sau 16. Kamanninsa ba za su canja ba, baƙi ne yadda yake, amma rai ya fita. Wannan ne ya sa kamfanoni ke like irin lambu a gwangwani ko a takardar dalma. Da an fasa gwangwani ana aunawa da cokali ana ƙullawa a leda a kan tebur cikin rana, agogo ya fara bugawa.

Masu adana iri na duniya da wannan ƙa'ida suke aiki. Cibiyar AfricaRice, mai hedikwata a Abijan, tana ajiye nau'o'in shinkafa sama da 20,000 a ɗakunan sanyi a M'bé kusa da Bouaké. A tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe, rumbun da aka buɗe a 2008 na riƙe da kwafin iri daga ko'ina a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Goro da koko ba sa shiga irin wannan rumbu. Su sai dai a adana su a matsayin bishiyoyi masu rai a gona, don haka duk tsohuwar gonar goro da aka sare, wani abu ya tafi da babu kwafinsa a firiji.

Amanar mai sayar da iri

Mutum zai iya ɗanɗana goro kafin ya saya, zai iya matsa albasa ya ji ko ta ruɓe. Iri kuwa ba ya nuna aibinsa sai bayan an yi sharar gona, an yi huɗa, an biya 'yan ƙwadago, ruwa ya wuce. Wanda ya sayar da mataccen iri ya ci kuɗin iri, ya kuma ci damina guda ta wani magidanci. Ƙungiyar ECOWAS ta fitar da dokar bai-ɗaya a kan ingancin iri a 2008, Najeriya ma ta sabunta dokar hukumar kula da iri a 2019. Sai dai yawancin ƙananan manomanmu daga rumbu da kasuwa da hannun 'yan'uwa suke samun abin shukawa, inda babu mai duba takarda. A can, tsoron Allah da sani su ne hukuma.

Akwai abubuwan da ya kamata mai saye da mai sayarwa su kiyaye. A duba ranar da ke jikin gwangwani ko fakiti, da adadin tsiron da aka rubuta. A shanya irin hatsi da na lambu ya bushe ƙarau kafin a rufe shi a kwalba ko jarka mai murfi, domin ɗanyen iri a rufaffen mazubi ruɓewa yake. Wake kuwa, buhu mai leda biyu a ciki, wanda aka sani da PICS, yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska ba tare da an zuba guba ba. Irin da aka rina ja ko shuɗi an shafe shi da magani, ba a ci, ba a ba kaji, kuma a nisanta shi da yara. Masu goro su ji tsoron Allah su daina zuba maganin ƙwari a hajar da za a tauna ɗanya. Shi kuma iri mai aure, wanda ake rubuta F1 a jikinsa, 'ya'yansa ba sa maimaita kyawun uwar, don haka ba a ajiye shi don baɗi.

Sama da duka akwai gwaji, wanda ba ya cin ko sisi. Aƙalla kwana goma kafin shuka, ɗebo iri daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, ka gauraya, ka ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba. Jiƙa tsumma mai tsabta ko guntun buhun algarara, ka matse shi ya daina ɗiga, ka jera ƙwayoyin, ka naɗe, ka ajiye a inuwa inda iska ke shiga, kana yayyafa ruwa kullum. Bayan mako guda ga hatsi da wake, ko kwana 10 zuwa 12 ga albasa, ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka fid da lafiyayyar saiwa da toho. In sun kai 80 ko fiye, shuka da kwanciyar hankali. In tsakanin 60 ne da 80, ka ƙara yawan abin da kake zubawa a rami. In ba su kai 60 ba, nemi wani tun da sauran lokaci.

Kira na ga shugabannin zango da ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan hatsi a Adjamé da Treichville shi ne su mai da wannan gwaji al'adar kasuwa, yadda mai saye zai ga tsumman gwaji a gefen hajar kafin ya zaro kuɗi. Kai kuma ɗan'uwa da ke aika wa gida iri daga Abijan, ko kake ɗauko shi daga gida ka kawo nan, kada ka ɗora wa mota abin da ba ka gwada ba. Kwana goma da ƙwaya ɗari sun fi sauƙi a kan damina guda.